Motar da Aka Bari a Furi

Sau uku aka sace wa mijina mota a São Paulo, kuma ko yau ka zauna kusa da shi, kafin shayinka ya huce ka sha labarin. Ta farko a ƙofar shagonmu na tufafi aka ɗauke ta, muna ciki muna auna yadi. Ta biyu a ƙofar coci. Ta uku ce kaɗai ba ya son ja da tsawo. Danja ta tsayar da shi, wasu samari biyu suka ɗora masa bindiga a kunne, ɗanmu Gi-tae yana barci a kujerar baya. Da ɗan guntun Fotugisancinsa ya yi ta roƙonsu har suka bari ya ciro yaron. A ƙafa ya dawo gida, yaro a kafaɗa. Tun daga ranar mijina Pyo Man-gil bai ƙara yarda da hannun da ya taɓa motarsa ba, in dai ba nasa ba ne.

Shekara kusan talatin muka yi a Birazil. Da tsufa ya zo muka bar wa Gi-tae shagon, muka dawo gida Koriya, garinmu Iksan. Ni kam kamar an mayar da kifi ruwa. Yayata tana nan da ranta a gidan kula da tsofaffi, ina kai mata romon ƙashi muna gulmar mutanen da suka daɗe da mutuwa. Kabarin iyayenmu ba nisa. In na shiga kasuwa ba sai na shirya magana a zuciya kafin in buɗe baki ba. Na yi ƙiba, na yi ƙawaye, barci nake yi har da munshari. Shi kuwa Baban Gi-tae gangar jikin ce kawai ta dawo, tsoron nan nasa ko kwastan bai tsaya ba, tare suka shigo.

Benayen da muke zaune tsofaffi ne, an gina su tun zamanin da gida goma ba su haɗa mota ɗaya ba. Yanzu kowa da tasa. Kafin rana ta faɗi gurabe sun cika, wanda ya makara sai ya jera tasa a gaban na mutane, ya miƙe tayoyi, ya bar giya a furi, ba ya jan birkin hannu, ya kulle ƙofa ya hau sama. Da safe wanda aka tare sai ya sa hannu ya tura ta gaba ko baya, ya fice abinsa. In ta ƙi turuwa, ga lambar wayar mai ita nan manne a gilashi. Yaron goye ma ya san haka ake yi.

Ban da mijina.

“In bar mota a furi? In kuma rubuta wa ɓarawo lambar wayata?” in ji shi. “Me zai hana in dafa masa shinkafa in ajiye masa a kujerar direba?”

Mu kuwa kullum a makare muke dawowa daga wurin yayata. Sai ya tare motocin mutane, ya ja birkin hannu iya ƙarfinsa, ya maƙala wa sitiyari wata sandar ƙarfe da ya yo dakonta tun daga Birazil, ya zagaya motar yana jan kowane marfi. Da safe lasifikar da ke jikin bangon kowane gida sai ta yi kaki, muryar maigadi ta fito: “Mai ƙaramar mota ruwan toka, don Allah a sauko a janye, akwai masu zuwa aiki.” Ba ya faɗin suna, ba ya ma bukata. Ina tsaye a kicin in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba a daɗe ba matasan benenmu suka daina gaishe shi, in mun haɗu a matakala sai kowa ya nutsa a wayarsa.

Wurin da kawai yake ɗan sakewa shi ne ɗakin tsofaffi da ke ƙasan bene na uku. Maza suna gefe suna buga dara, mu mata muna gefe da katinmu, kunnenmu yana wajensu. Can ma magana ɗaya ya kai musu. Ya iya latsa waya, kullum yana binciken wace ƙasa ce aka fi satar mota bana, wacce ta ragu, wacce ta ƙaru, da yadda abin yake shekara ashirin baya. Wasu mazan ƙwallo suke bi, nawa mijin ɓarayin duniya yake bi.

Abokin karawarsa shi ne Eom Chun-bae, wani ƙaton tsoho mai murya kamar ganga, wanda ya yi aikin hanya a Libiya da ƙuruciya. Shekara ɗaya tak ya girmi mijina, amma yadda yake riƙe da shekarar nan ka ce gado ce. Na ukunsu Malam Seok ne, tsohon hedimasta, mai sanyin magana, 'yarsa tana aure a Kanada.

“Kai Ɗan Birazil, yau kuma wa ke kan gaba?” Eom zai tsokane shi.

“Ka yi dariya, Yaya. Tambayi Malam abin da ake ciki a Kanada.”

Malam Seok ya gyara tabarau. “Gaskiya ne. Lokacin da 'yata ta je can, surukina ko ƙofar gareji ba ya rufewa. Bara an ɗauke ta maƙwabcinsu suna barci, ko gilashi ba a fasa ba. An ce a jirgin ruwa aka fita da ita.”

“Kun ji ko?” Mijina ya buga gwiwa. “Kanada fa! Da can mu 'yan Birazil ake wa dariya. Yanzu can ta ɗan lafa, wani wurin ta tashi. Ɓarawo ba ya mutuwa, ƙaura yake yi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.”

“Namu gemun ai ya riga ya ƙone ya sake tsirowa,” in ji Eom. “Kana can kana sayar da siket lokacin da ake yi a nan. Rediyon motata biyu aka ɓalle a garin nan. Surukina tasi ɗinsa sukutum aka ɗauke, sai can a garin Mokpo aka tsince ta ba tayoyi. Amma yau wa zai yi? Kowace mota da kyamara a goshi, kowane lungu da kyamara. Ka sace ka kai ta ina? Iyakar arewa waya ce mai ƙaya da sojoji, sauran gefe uku ruwa. Iyo za ka yi da ita?”

“To me ya sa ake sace kekuna?”

Ɗakin ya ɗauki dariya, har mu mata. Wannan kam ba mai musu. Ka bar wayarka a kan tebur a gidan shayi ka je ka dawo ka same ta, amma ka jingine keke a tasha ba ƙwado ka gani.

“Keke ai aro ne ba a tambaya ba,” in ji Eom.

Haka suke yi kullum, kamar zakaru biyu a akurki ɗaya. Ni na ga yana jin daɗin abin. Shi ne bai gani ba.

Wata safiya cikin kaka lasifika ta kira shi, ya sauka ya tarar da wata matashiya ma'aikaciyar banki ta makara saboda shi. Ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi, “Baba, in ba za ka iya zama da mutane ba, ai da ka sayi gidan da ba maƙwabta.” Ya hawo sama ya zauna bai taɓa karin kumallo ba.

“Maman Gi-tae,” ya ce, “ƙasar nan ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba. Gi-tae kullum yana cewa mu koma. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka mu tattara.”

Ban iya gardama da shi a kan wannan ba, don na san abin da ya gani a danjar nan, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Amma na san in na sake hawa jirgin nan ba zan ƙara ganin yayata ba. Na kwashe kwanuka na shiga kicin, na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Ban san ta yaya maganar ta isa ɗakin tsofaffi ba. To, na sani. Ni na faɗa wa matar Eom.

Da yamma Eom ya ture dara gefe. “An ce za ka gudu.”

“Ba gudu ba ne, komawa ce.”

“Gudu ne. Shekara guda kana cika mana kunne da ƙasashen duniya, ka auna wannan ka auna waccan, amma ƙasar da kake taka ka ƙi auna ta. Gwada mana. Ka bar motar nan yadda kowa yake barin tasa, mako ɗaya. In an sace ta, ko an ɓalle mata wani abu, ni Eom Chun-bae zan riƙa kiranka Yaya har in mutu, in zuba maka giya da hannu biyu.”

Matar Eom ta dafe ƙirji, don ta san mijinta zai fi son a yanke masa yatsa.

“A gaban kowa?” in ji mijina.

“A gaban kowa. Malam ne shaida.”

Na ga idonsa ya yi ƙyalli. A hanyar gida ya ce mini, “In aka sace, ba sauran magana, mun tafi.” Na ce, “In ba a sace ba fa?” Ya ce, “Za a sace.”

Ranar ya faka a dogon layin da ke gaban benenmu, ya daɗe a ciki kafin ya saki birkin hannu. Lambar waya ni na rubuta na manna, don hannunsa ya ƙi. Da ya kulle ƙofa sai ya ɗan taɓa motar da yatsa biyu, ta motsa. Ya kalle ni kamar na ce ya bar jariri a bakin rijiya.

Kwanaki biyun farko ba abin da ya faru, sai dai ana ɗan matsar da ita gaba ko baya, shi kuma ya mayar da tagar falo wurin zamansa. Lasifika ta yi shiru. Ni har na fara waƙa ina wanke shinkafa.

A safiya ta uku barci ya sace shi, don bai runtsa sosai ba tun da aka fara. Rana ta ɗaga ya farka, ya nufi taga da gudu. Ranar kasuwar mako ce, 'yan tireda sun kafa rumfunansu a tsakar benaye kamar yadda suke yi duk Alhamis. A daidai inda ya bar motar, mai kifi ne yake jera akwatunan ƙanƙara.

“Babu!” ya ce. “Maman Gi-tae, babu ita!”

Na fito da ludayi a hannu. Abin da na gani a fuskarsa shi ya fi ɓata mini rai. Murna ce. Mutumin nan an sace masa mota yana washe baki kamar an ce matar ɗansa ta haihu.

“Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? Sun iso!”

Ya zura silifas ya yi ƙasa da wandon barci, ni ina biye. Kafin mu sauka ya riga ya kira Eom da Malam Seok. Maigadi ba ya ɗakinsa, ya tafi kwashe shara a bayan benaye. Eom ya iso yana haki, ya dubi inda motar take da, ya dubi mijina, ya shafa ƙeya. Sannan ya ce:

“Kai, ka tabbata nan ka bar ta?”

“Ka fara gyara bakinka, ƙanena,” in ji mijina. “Ya-ya. Ba wuya. Gwada mu ji.”

“A kira 'yan sanda tukuna,” in ji Malam Seok.

“A kira su! A rubuta! A sa a cikin lissafin bana!”

Hayaniyar ta jawo wata mata mai sayar da kabeji, gajeriya, mai kauri, da jar safar roba har gwiwar hannu. Ta leƙo daga bayan babbar motarta da ta gindaya a layin, tulin kabeji har sama.

“Baba, me ya ɓata ne?”

“Mota aka sace mini, 'yata. Ƙarama, ruwan toka.”

“Mai ƙurar nan? Au, taka ce?” Ta riƙe ƙugu. “To ai gara da na gan ka. Dubi gaban rigata. Don Allah Baba, rabon motar nan da ruwa tun yaushe? Mu muka ture ta da sassafe za mu kafa rumfa. Tana can ƙarshen layi, bayan motata, wajen bishiyoyin nan.”

Muka zagaya tulin kabejin a jere kamar masu rakiyar gawa. Can ƙuryar layi, inda ba a hangowa daga tagarmu, ga motoci huɗu ko biyar an tura an jera, tamu ce ta ƙarshe. Wani ya sa mata guntun katako a ƙarƙashin taya don kada ta gangara. Wani ya naɗe mata madubi. Ganyen bishiya ya zuba a rufinta, rawaya.

Gaskiyar mai kabeji ce, motar ta yi ƙura, shi ya sa komai ya fito raɗau. Bayanta duk shatin tafin hannu ne, wani kan wani. Ga manya masu faɗi, ga sirara, ga na mai safa, ga na wanda ya tura da yatsu kawai don ƙyanƙyami. Har da wani ɗan mitsitsi can ƙasa kusa da lamba, na yaron da ya taya uwarsa. Na kwana ukun nan ne duka, na masu zuwa aiki da na 'yan kasuwa.

Mijina ya tsaya yana kallo. Ya zagaya ya duba tayoyi, ya leƙa ciki, ya ja marfi. Komai yana nan. Ya dawo baya ya sake tsayawa. Na ga ya ɗaga hannunsa kamar zai goge, sai ya fasa, ya mayar aljihu. Na san abin da yake gani. Rabin rayuwarsa hannun baƙo a jikin motarsa abu ɗaya yake nufi, yau ga hannuwa sun fi a ƙirga, kuma duk abin da suka yi mata shi ne sun gusar da ita a hankali sun tokare mata taya.

Eom ya matso kusa. “To, Ɗan Birazil, a wane layi za ka sa mu? Sama da Kanada ko ƙasa?”

“Mako bai cika ba.”

“Ji shi! Wandon barci a tsakiyar kasuwa, yana cewa mako bai cika ba.”

“Maman Gi-tae,” mijina ya ce ba tare da ya juyo ba, “ɗauko mini bokiti da tsumma. Da wando.”

Na hau na ɗauko. Ya tari ruwa a famfon maigadi, ya naɗe hannun riga ya hau wanki, ta baya ya fara. Eom ya jawo akwatin mai kifi ya zauna yana ba da umarni, nan bai fita ba, can ka bari. Malam Seok ya riƙe masa bokiti. Suna cikin haka suka koma kan Japan, wai da can su ma sun sha fama sannan abin ya ragu, Eom yana cewa ƙarya ne, mijina yana cewa zai nuna masa a waya in hannunsa ya bushe.

Ni ina tsaye kusa da kabeji, ban san inda aka kwana ba. Ba a sace ba, amma bai tada maganar komawa Birazil ba, kuma na san taurin kansa.

Mai kabeji ta dafa ni. “Mama, lokacin kimchin hunturu fa ya yi. Kowa ya sa nasa, ke ban ga sunanki ba. Dubi wannan, cikinsa rawaya kamar ƙwai. In ware miki nawa?”

Kimchin hunturu, kabejin da muke haɗawa da gishiri da yaji mu ajiye, na wanda zai ci hunturu ne a wurin. Ba a jiƙa kabeji da gishiri a bar shi a hau jirgi. Na buɗe baki in ce mata ta bari tukuna, sai na fasa. Na dubi mijina. Ya sunkuya yana matse tsumma, ruwan datti yana bin gwiwar hannunsa, amma na san ya ji.

“Me kike kallona?” ya ce. “Ki saya mana. Ki ƙara da na yayarki, na gidan tsofaffin nan ba gishiri ba yaji.”

“Baban Gi-tae, kimchin sai ya yi wata kafin ya nuna.”

“Na sani. Yau na fara cin kimchi?” Ya watsa ruwa a gilashi. “In na koma can da wa zan yi gardama? Kowa ya yarda da ni.”

“A nan kam ko gawarka ba za ta samu mai yarda da ita ba,” in ji Eom.

Na juya wajen kabejin don kada su ga fuskata. Daɗi ne ya cika ni har ya yi mini yawa. Na ɗauki ɗaya, mai nauyi, mai sanyi, na rungume shi a ƙirji ina ta jujjuya shi kamar mai neman tsutsa. Matar ta gaji da jira ta ce, “Mama, lafiyarsa ƙalau fa, me ya sa kike kuka?”

Na ce mata albasar maƙwabcinta ce, ta ci gaba da lodi, zan faɗa mata in ya isa.